Allon sulallan Rum: inda aiki ya kwana

5 ga Oktoba, 2024

Yau dai na fara. Kafinta ya kawo katakon, dogo ne sosai zai cinye kusan rabin bangon ajin da 'yan ƙungiyar tarihi suke zama, kuma abin da nake so in yi a kai shi ne in jera hotunan sulallan Rum na zamanin jamhuriya tun daga na farko har na ƙarshe, kowanne gaba da baya, da ɗan bayani da Hausa a ƙasansa wanda ɗan aji huɗu na sakandare zai karanta ya gane ba sai na tsaya a kansa ba.

Yaran nan sun haddace cewa Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe Tarkwin a shekarar 509, suka rantse su da sarki har abada, suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara waɗanda ake ce wa konsul, can daga baya Kaisar ya zo aka kashe shi, Ogustus ya zama sarki. Hadda kam ta zauna. Amma tambaye su ta yaya mutanen da suka tsani sarauta haka suka wayi gari a hannun mutum ɗaya, sai aji ya yi tsit. Ni kuma na daɗe ina ganin amsar tana jikin kuɗinsu, ana ganinta da ido: da farko sunan gari ne kawai a jiki, daga nan sunan gida, daga nan kakan wane, daga nan aikin da wane ya yi da kansa, a ƙarshe fuskar mutum yana raye. Wannan layin nake so su bi da yatsa.

Duk shekarun da zan riƙa kawowa na kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam ne, wato suna raguwa ne ba ƙaruwa ba, sai in na faɗi akasin haka. Hotunan kuma daga intanet nake ɗaukowa, akwai rumbun da ƙungiyar masana sulalla ta Amurka ta buɗe kyauta, an jera komai bisa lambobin da Michael Crawford ya ba su a babban littafinsa na 1974, har yau da lambobinsa ake aiki.

12 ga Oktoba

Farkon allon ba sulalla ba ne ma. Rumawa sun daɗe suna ciniki da curin tagulla haka nan ba zane ba rubutu, a ɗora a sikeli a auna. Daga baya suka fara zuba ta a faifaye masu kusurwa huɗu, ɗaya ya kai kilo ɗaya da rabi, da hoton dabba a jiki. Wanda na zaɓa shi ne mai giwa a gefe ɗaya, alade a ɗaya gefen. Ana danganta shi da yaƙin sarki Firus na Efirus wanda ya ƙetaro Italiya a 280 da giwaye ashirin, lokacin Rumawa ba su taɓa karo da giwa a fagen fama ba, ya ci su a Herakliya ya sake cin su a Askulum, sai a 275 suka kore shi. Wani marubucin da mai suna Aelian ya ce da kukan alade suka firgita giwayen.

Sai kuma as, sulen tagullar Rumawa. Shi zagayayye ne amma zubi ake yi ba bugu ba, na farkon nauyinsa fam ɗaya na Rum, kamar giram 324. Na auna ƙusoshi daidai wannan nauyin na ɗaure a tsumma na miƙa wa yara suka riƙa karɓa hannu da hannu, wata ta ce Malam wannan ai sai dai a kai kasuwa a kan jaki. Kuma ta yi gaskiya, abin ba na aljihu ba ne. As ɗaya an raba shi gida 12, alamar I tana nufin cikakke, S rabi, ɗigo huɗu sulusi, ɗigo uku rubu'i, haka har ɗigo ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ma zai ƙirga ɗigo. Na saka na wajen 225 mai kan Janus, abin bautarsu mai fuska biyu, bayansa kuma goshin jirgin ruwa, shi ya ɗan fi sauƙi, wajen giram 270.

20 ga Oktoba

Satin nan gaba ɗaya a kan yaƙin Hanibal na ƙare, janar ɗin birnin Kartaj na arewacin Afirka, babban abokin gabar Rum, don nan ne gindin komai.

Kafin yaƙin Rum tana da kuɗin azurfa amma kwaikwayon Girkawan kudancin Italiya ne, nauyinsu da salonsu duk nasu. Sai Hanibal ya tsallako duwatsun Alps a 218, ya yi ta karkashe rundunoninsu har zuwa Kanne a 216 inda dubun dubatar Rumawa suka faɗi rana ɗaya. Baitulmali ya ƙare ƙarƙaf. Kana ganin wannan a jikin tagullar, as ɗin nan da ake jin nauyinsa a hannu ya riƙa ramewa shekara bayan shekara har ya dawo wajen giram 50 da ɗoriya, azurfar ma aka riƙa yi mata gauraye. A 215 aka yi dokar da ta hana mace mallakar zinariya fiye da rabin oza, a 210 kuma 'yan majalisar dattawa da kansu suka kwaso zinariya da azurfar gidajensu suka kai baitulmali. Wannan wurin ina so yara su lura da shi sosai, domin manyan garin ne suka fara cire nasu kafin su ce talaka ya kawo, kuma in an je ƙarshen allon za su ga jikokin waɗannan mutanen suna fasa baitulmalin.

A tsakiyar wannan masifar, wajen 211, suka watsar da tsohon tsarin suka fito da denarius. Azurfa ce tsantsa, giram 4.5, ana yanka guda 72 daga fam ɗaya, darajarsa as goma shi ya sa aka buga X a bayan kan. Da rabinsa mai alamar V, da rubu'insa sestertius. A gaba kan mace ce da kwalkwali mai fukafukai, ita ce Roma wato garin kansa, a baya Kasto da Polus, tagwayen da suke bauta wa, a kan dawakai sun saita masu suna sukuwa, a ƙasa kalma ɗaya tak: ROMA. Ba sunan konsul, ba sunan janar, ba sunan kowa. Azurfar kuwa ganima ta taimaka, sun ci birnin Sirakus a 212, birnin Kafuwa a 211.

Yadda aka tabbatar da shekarar ma labari ne mai daɗi kuma zan sa shi a ƙaramin kati a gefe. Pliny, tsohon marubucin Rum, ya rubuta cewa 269 aka fara, wasu masanan Ingila suka ce a'a sai 187, aka yi ta ja-in-ja. Sai masu haƙa daga jami'ar Princeton suka fara tono a Morgantina cikin tsibirin Sisili a 1955, garin da ya juya wa Rum baya ya bi Kartaj a 214 aka murƙushe shi a 211, suka tarar da sabbin denarius ko gogewa ba su yi ba a ƙarƙashin rufin da ya ƙone ya rufta a wancan yaƙin. Ƙasa ta raba gardamar.

27 ga Oktoba

Na je wurin wani dattijo maƙerin fari a cikin gari, ina so yara su riƙe wani abu mai girman denarius na gaske don hoton da za a ƙara wa girma zai ruɗe su, su ɗauka abin ya kai faifai alhali faɗinsa bai kai santimita biyu ba.

Na nuna masa hoton a waya na ce Baba irin wannan nake so a buga min a gorar ruwa ko dalma, ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Malam wannan ba zubi ba ne bugu ne, dubi bakinsa yadda ya tsage. Ban gaya masa komai ba fa. Haka kuwa ake yi, hatimi ɗaya a kafe a jikin uwar maƙera, a ɗora ɗan curin azurfa, a ɗora hatimi na biyu a sama a sauke guduma. Ya sassaƙa X da ROMA a kan guntun ƙarfe, a juye yake sassaƙawa don in an buga ya fito daidai, ya gwada a gabana. Na farko ya zame rabin rubutun ya fita waje, ya ce saurin hannu ne, wanda ya buga naka ɗin nan ma sauri ake sa shi. Da na dawo gida na sake duba hotunan sai na ga da yawansu haka suke a karkace, musamman na shekarun yaƙi.

Ya ce in dawo bayan sati biyu.

3 ga Nuwamba

Yanzu na shigo inda abin ya fara canzawa, kuma gaskiya nan ne ya fi ci min lokaci don sulallan sun yi yawa, zaɓe ya yi wuya.

Gidan buga kuɗin yana kan tudun Kafitol kusa da ɗakin bautar Juno Moneta, kuma samari uku ake naɗawa duk shekara su kula da shi, ƙaramin muƙami ne na masu shirin shiga siyasa. Shekaru da yawa ba ka jin ɗuriyarsu, sai ɗan harafi ko wata 'yar alama a lungu. A hankali sunan ya fara fitowa a gajarce, sannan cikakke. Wajen 141 aka mayar da denarius as 16, wasu suka fito da XVI, nauyinsa kuma tuni ya sauko wajen giram 3.9. To amma daga 137 sai ka ga kamar an ɓalle ƙofa, tagwayen kan doki suka fara ɓacewa, kowane saurayi yana sa labarin gidansu. Wani Sextus Pompeius ya sa kyarkecin da ta shayar da Romulus da Remus, tagwayen da ake danganta kafa Rum da su, da makiyayin da ya tsince su. A 135 Minucius Augurinus ya sa ginshiƙin da aka gina wa kakansa saboda rabon hatsi da ya yi lokacin yunwa a 439, kusan shekara ɗari uku baya, wato yana ce wa masu zaɓe ku tuna gidanmu ne suka ciyar da ku.

Me ya faru a daidai wannan lokacin? A 139 aka yi dokar Gabinius da ta kawo ƙuri'ar sirri. Da can mutum da baki yake faɗin wanda ya zaɓa, ubangidansa na tsaye yana ji. Da aka koma rubutawa a ɗan allo mai kakin zuma a jefa a kwando, babban mutum ya daina sanin wa ya bi shi wa ya saɓa, dole ya nemi hanyar shiga zuciyar jama'a, ga kuma abu yana yawo a hannun kowa kullum. Masana da dama haka suka fassara abin kuma ni ma ya kwanta min, don lokacin ya yi daidai ƙwarai.

Sulen da na fi so a duk allon na nan wurin, na Licinius Nerva, 113 ko 112. Zaɓe ne ake yi a jikinsa. Ga wata 'yar gada ta katako da ake hawa ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya ya sunkuya yana karɓar allon ƙuri'a daga ma'aikacin da ke ƙasa, wani a ɗaya ƙarshen yana jefa nasa a kwando, duk a fili da bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba. Na ƙara masa girma a kwamfuta ina ta kallo, har naɗin mayafinsu ana gani. Kuma an buga shi ne bayan an riga an kashe Tiberius Gracchus a 133 da ƙanensa Gaius a 121 a kan maganar rabon gonaki, wato jini ya riga ya shiga siyasar garin amma mutane ba su fid da rai da kwandon ba tukuna. Shi zan sa a tsakiyar allo.

10 ga Nuwamba

Na karɓo na wurin Baba, sun yi kyau, na zuba su a gwangwani. Hotuna kuma an buga rukunin farko amma azurfar ta fito baƙi ƙirin ba a ganin rubutun, mai shagon ya ce sai an ƙara haske a kwamfuta kafin a sake, kuma takarda mai ƙyalli ta fi. Kuɗin ya ɗan haura abin da na tsara. Shugaban makaranta ya ce zai duba abin da za a iya yi.

17 ga Nuwamba

Akwai sule ɗaya a allon da ba na Rum ba ne kuma dole ya shiga. Garuruwan Italiya da suka yi shekaru suna ba Rum sojoji, 'ya'yansu na mutuwa a yaƙoƙinta amma ba su da ƙuri'a, sun gaji. Da aka kashe Livius Drusus a 91, mutumin da ke nema musu 'yancin zama 'yan ƙasa, sai suka ɗau makami, suka kafa nasu babban birnin a Korfiniyum suka sa masa suna Italiya, suka buga nasu denarius mai nauyi iri ɗaya da na Rum. A jikin wani bijimin Italiya ne ya danne kyarkecin Rum yana tunkuyi, rubutun da harshen Oskan daga dama zuwa hagu, da sunan jagoransu Papius Mutilus. Ba ka buƙatar bayani, hoton ya gama magana. An ci su da yaƙi amma abin da suka nema sun samu, tun a 90 Rum ta fara ba da 'yancin don ta kashe wutar.

A gefensa na sa na Calpurnius Piso na shekarar 90, mahayi a kan doki a guje, an buga shi da ɗaruruwan hatimai kowanne da lambarsa ko alamarsa, kuɗin sojan wancan yaƙin kenan.

Bayan yaƙin kuɗi ya rikice, ga jabu ko'ina, tagulla a ciki a lulluɓe ta da fatar azurfa. Shi ya sa za ka ga sulalla da yawa da 'yan ramuka da tsage a fuska, 'yan canji ne suke sokawa su ga cikin. Cicero, ɗan siyasar Rum kuma marubuci, ya ce a lokacin ba wanda ya san nawa ya mallaka. A 85 wani Marius Gratidianus ya fito da tsarin da ya daidaita abin, talakawa suka kafa masa gumaka unguwa unguwa suna ƙona turare, bayan shekara uku mutanen Sulla, janar ɗin da ya ƙwace mulkin Rum, suka yi masa kisan wulaƙanci. Ban sami sulen da zan liƙa masa ba amma zan rubuta sunansa a kati.

24 ga Nuwamba

Raƙumi ya shigo allo, yara sun yi murna.

Sulen shekarar 58 ne na Aemilius Scaurus. Ga raƙumi da sirdinsa a tsaye, ga mutum a durƙushe a gefensa yana miƙa reshen itace, a ƙasa an rubuta REX ARETAS, wato Harisu sarkin Nabatawa masu birnin Petra a ƙasar Jodan ta yau. Abin lura a nan shi ne ba kakansa yake yabo ba, kansa yake yabo, shi ne ya kai yaƙin a 62. Kuma bai ci Petra ba fa, marubucin tarihi Josephus ya ce talanti 300, wato wani babban awo na kuɗi, sarkin ya biya aka janye. Amma a hannun mutanen Rum ga sarki a durƙushe. A shekarar da ya buga sulen ya shirya wasannin da ba a taɓa gani ba, har da dorina da kadoji biyar ya kawo garin. Wannan ya ɓata min rai da na haɗa su wuri ɗaya, kuɗin jama'a ne ya zama allon tallan mutum ɗaya, kuma abin da aka zana ɗin ma ba haka ya faru ba.

Na biyun na 56 ne, Faustus ɗan Sulla ya buga. Ubansa na zaune a kan kujera a sama, Bokus sarkin Muritaniya ta da ya durƙusa yana miƙa reshen zaitun, a ɗaya gefen Jugurta sarkin Numidiya, ƙasar Aljeriya ta yanzu, a durƙushe hannuwa ɗaure ta baya. Jugurta ya wahalar da Rum shekaru, surukinsa Bokus ne ya bashe shi a 105, ya mutu a kurkukun Rum a 104. Gaius Marius, ba Gratidianus na baya ba, shi ne babban kwamandan yaƙin amma Sulla ne ya karɓo fursunan, ya sa aka sassaƙa wannan hoton a zobensa yana buga hatimi da shi, kuma daga nan gabar su biyun ta samo asali, gabar da ta kai Sulla ya shigo Rum da sojojin Rum a 88, abin da ba wanda ya taɓa yi.

1 ga Disamba

Kaisar. Biyu na ɗauka.

Na farko mai giwa tana take maciji, a ƙasa CAESAR, a baya kayan aikin babban limamin addininsu wanda shi ke riƙe da muƙamin tun 63. Ba kan Roma, ba sunan samarin gidan buga kuɗi, ba alamar izinin majalisa. Ya tsallake kogin Rubikon a Janairun 49, da ya shiga gari ya nufi baitulmalin da ke ɗakin bautar Saturn, wani wakilin talakawa Metellus ya tare ƙofa, Kaisar ya yi masa barazanar kisa aka fasa. Pliny ya lissafa sandunan zinariya 15,000, na azurfa 30,000, da sestertius miliyan 30. Maƙeransa na bin rundunar duk inda ta sauka ana bugawa, miliyoyi aka buga. Shi ne kuma ya ninka albashin soja ya kai denarius 225 a shekara. Ina so yara su tsaya su yi tunanin sojan da aka zuba wa wannan a tafin hannu, sunan wa yake gani, wa zai ce ya biya shi.

Na biyun na farkon 44 ne. Fuskarsa ce da kansa, da kambi a ka, dogon wuya duk tamoji, mai sassaƙar bai ɓoye tsufansa ba ko kaɗan, a kewaye an rubuta DICT PERPETVO, mai mulkin kama-karya na har abada. Gidan buga kuɗin Rum bai taɓa sa fuskar rayayyen mutum ba sai ranar, wannan aikin sarakunan Girka da Masar ne, kuma kowa a garin ya san haka. Samarin gidan buga kuɗin ma ya mayar da su huɗu. Ranar 15 ga Maris wasu 'yan majalisar dattawa suka kewaye shi a zauren Pompi, sara da suka 23.

8 ga Disamba

Jiya muka yi zama da 'yan ƙungiya a kan Burutus, har aka tashi ba a gama ba.

Na ajiye musu hotuna biyu a tebur ban ce komai ba. Na farko na 54 ne lokacin yana saurayi a gidan buga kuɗi: kan mace an rubuta LIBERTAS wato 'yanci, a baya kakansa na can nesa Lucius Burutus wanda ya kori sarki Tarkwin yana tafe a tsakiyar dogarai. Na biyun na 42 ne, bayan ya kashe Kaisar ya gudu gabas yana tara runduna: wuƙaƙe biyu, a tsakiyarsu hular da ake sa wa bawa ranar da aka 'yanta shi, a ƙasa EID MAR, ranar kisan kenan. Suka ce to ai magana ɗaya ce Malam, mutumin bai canza ba. Na ce ku juya na biyun. Suka duba ɗaya hoton, fuskar Burutus ce da ɗan gemunsa, da sunansa, da IMP wato kwamanda mai nasara.

Wani yaro ya ce munafuki ne kawai. Wata ta ce a'a, sojoji yake biya kuma sojan lokacin ba ya bin gari sai mutum, in bai sa fuskarsa ba Antoni da Oktabiyan, magadan Kaisar da yake yaƙi da su, sun sa tasu. Ni na fi karkata ga maganarta, kuma shi ya sa wannan sulen ya fi na Kaisar tayar min da hankali, domin mutumin da ya yarda da jamhuriya har ya kashe wanda ya yi masa afuwa saboda ita, shi ma bai sami hanyar yin yaƙi dominta ba sai da kayan aikin sarauta. Azurfar ma ƙwato ta aka yi daga garuruwan gabas, abokin tafiyarsa Kasiyus ya tatse Rodes, Burutus ya ci Zantus da yaƙi garin ya ƙone. A Oktoban 42 aka ci su a Filibi ya kashe kansa.

Sulen EID MAR ɗin, na azurfar kamar ɗari ne suka rage a duniya, na zinariya uku. Ɗaya an yi gwanjonsa a Landan a Oktoban 2020 na zamaninmu kan fam miliyan 3.24, daga baya aka gano satar fita da shi aka yi, hukumomin New York suka mayar wa Girka a 2023. Yara sun fi riƙe wannan adadin fiye da komai, na ce to a rubuta shi amma da ƙananan baƙi.

15 ga Disamba

Na liƙa na ƙarshe, na Mark Antoni, 32 zuwa 31. Jirgin yaƙi mai matuƙa a gaba, a baya gaggafar runduna tsakanin tutoci biyu da lambar rundunar, LEG kaza, wato runduna ta kaza, har zuwa 23. Ya buga su ne don biyan sojojin da suka taru shi da Kiliyofatra sarauniyar Masar kafin yaƙin Aktiyum na 2 ga Satumba 31 da suka yi da Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Ogustus. Azurfar ba ta kai ta sauran kyau ba, an yi mata gauraye, saboda haka mutane suka riƙa ɓoye masu kyau ko a narke su, wannan kuma a kashe shi a kasuwa, sai ga shi ya fi kowanne daɗewa a hannu. Ana tono su a tukwanen da aka binne bayan shekara ɗari biyu da wani abu har can Birtaniya, sun goge sumul da kyar ake ganin jirgin. Da gangan na zaɓi hoton gogagge.

Na bar fili kamar taƙi ɗaya a ƙarshen katakon. Wasu malamai sun ce in sa Ogustus na bayan 27 don a rufe labarin, ina ganin zan sa amma a ƙasa da layin, da wani launin takarda daban, don shi ba ɗan wannan layin ba ne.

Abin da ya rage: katin Gratidianus da na Morgantina ban rubuta ba, hotunan Piso da na bijimi sai an sake bugawa don har yanzu sun yi duhu, sannan a yi wa duka leda saboda ƙurar hunturu ta fara. Taswira ma ana buƙata, yara suna ta tambayar ina Numidiya ina Filibi, wani ɗan aji biyar mai hannun zane ya ce zai yi a hutu, na ba shi kwali da jerin garuruwan. Kafinta zai zo ya kafa allon in an dawo a Janairu, na ce masa ya sauko da shi ƙasa kaɗan don 'yan aji ɗaya su iya karanta katunan, ya kuma yi ɗan akwati mai murfi a gefe inda za a zuba sulallan Baba.